Kalmomin Gona Masu Kawo Maki a Wasan Scrabble

A shekarar 2015, a birnin Perth na Ostareliya, Wellington Jighere ɗan Nijeriya ya lashe gasar Scrabble ta duniya. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci ta. Wasa ne na haɗa kalmar Ingilishi da haruffa bakwai da ke hannun ɗan wasa, kowane harafi da makinsa.

'Yan makarantar Funtuwa da Malumfashi, ba sai kun je nesa neman kalmomi ba, ku leƙa gona. Masara ita ce MAIZE, maki 16, domin Z kaɗai 10 ne. Auduga, wato COTTON, duk da haruffanta shida, 8 take bayarwa. Sa irin na huɗa, OX, haruffa biyu ne rak, amma maki 9. Dawa kuwa, SORGHUM, haruffa bakwai ce cif. In kuka ajiye su a tashi ɗaya, za a ƙara muku 50 a kan 13.

Sai dai a wasa ba mai tambayar ma'ana, amma WAEC da NECO za su tambaya, kuma jami'a na neman kiredit a Ingilishi. Ku ware littafi, kullum ku rubuta kalma biyar, kowace da ma'anarta da jimla guda. Da yayyafi kogi kan cika.