Abin Da Ya Kamata Ki Sani: Dalilin Da Jikin Mace Ke Tara Ruwa

Idan al'adarki ta kusa, wataƙila kin lura zobe na matse miki yatsa, ciki ya ɗan cika, nono ya yi nauyi. Ba ƙiba kika yi ba. Yawanci ruwa ne jikinki ya riƙe, kuma akwai dalili.

Wa ke kula da ruwan jiki?

Kusan rabin nauyin jikin mace ruwa ne. Ƙoda ce ke tace jini, ta fitar da rarar ruwa da gishiri ta fitsari. Idan ruwa ya yi ƙaranci, ƙwaƙwalwa ta sa ki ji ƙishirwa, ta kuma aika wa ƙoda saƙo ta rage fitsari. Irin wannan saƙo ana kiransa homon, wato sinadarin da jiki ke ƙerawa ya bi jini ya kai umarni ga wata gaɓa. Ki riƙe abu ɗaya: duk inda gishiri ya tsaya a jiki, ruwa na tsayawa tare da shi.

Ina ruwan homon ɗin mata a nan?

Manyansu biyu ne, istirojin da furojestaron, kuma daga ma'ajiyar ƙwan mace suke fitowa. Istirojin yana sa ƙwaƙwalwa ta fara ba da umarnin riƙe ruwa da wuri, yana kuma sa hanta ta ƙara wani sinadari da ke kai ƙoda ga riƙe gishiri. Shi kuwa furojestaron yana tura ƙoda ta zubar da gishiri, sai jiki ya mayar da martani ya ƙara riƙewa. A makonni 2 na kafin al'ada dukansu suna sama, shi ya sa mata da yawa ke jin kumburi a lokacin. Da jini ya zo, sai abin ya sauka da kansa cikin 'yan kwanaki.

Su wa abin ya fi shafa?

Mai juna biyu ce kan gaba. Ruwan da ke cikin jininta yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, domin a ciyar da jariri, a kuma tanadi jinin da za a rasa wajen haihuwa. Saboda haka ɗan kumburin ƙafa da yamma, wanda ke sauka idan an kwanta, abu ne da aka saba gani. Wasu masu shan ƙwayar tazarar haihuwa su ma suna jin haka, musamman a watannin farko.

Yaushe ne abin ya zama haɗari?

Idan cikinki ya wuce mako 20, sai fuska da hannu suka kumbura kwatsam, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, ki tafi asibiti a ranar. Wannan na iya zama hawan jinin masu ciki, wanda ke iya kaiwa ga jijjiga. Haka nan idan ƙafa ɗaya kaɗai ta kumbura tana ciwo, ko numfashi na yi miki wuya bayan haihuwa.

Maijego ta yi hattara da kunun kanwa. Kanwa dangin gishiri ce, tana sa jiki riƙe ruwa a daidai lokacin da yake ƙoƙarin fitar da ruwan da ya tara lokacin juna biyu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanta da ciwon zuciya bayan haihuwa.

Me za ki yi, kuma nawa zai ci miki?

Kusan ba ya cin komai. Ki rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Kada ki daina shan ruwa don tsoron kumburi, musamman lokacin zafi. Ki riƙa tattaki, ki ɗaga ƙafa idan kin zauna. Kada ki sayi maganin sa fitsari a kemis ba tare da likita ya rubuta ba. In kina da ciki, kada awo ya wuce ki, ki kuma tabbata an gwada jininki da fitsarinki.