Tudu da Kwari a Sundimina: Aikin Taswirar Tsayin Ƙasa

Matafiyin da ya taso daga Gumel ko Haɗeja ya nufo kudancin Jigawa zai ga ƙasa tana sauya kama. Can arewa rairayi ne da jigayi. Da an doshi Birnin Kudu da Gwaram sai tsohon dutsen da ke binne ya fito fili, ga duwatsu nan tsaitsaye a tsakiyar gonaki. A jikin irinsu ne, Dutsen Habude da Dutsen Mesa, aka gano zanen shanu na mutanen dā a shekarun 1950.

Manomin Sundimina, a wannan yanki, ya san inda ruwa ke kwanciya a gonarsa da inda yake wucewa da gudu. Injiniyan da zai shata hanya ko ya gina kwalbati kuwa, sai da taswira.

Taswirar da ake nufi ita ce mai nuna tudu da kwari. Ana zana layuka, kowane layi ya bi wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Inda layukan suka matse da juna, gangaren ya yi tsanani. Inda suka ware, fili ne shimfiɗaɗɗe. A ma'aunin 1:50,000, santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. Abin takaici, yawancin irin waɗannan taswirori na Najeriya tun wajen shekarun 1960 aka zana su daga hotunan jirgin sama. Tun daga lokacin garuruwa sun faɗaɗa, an sare dazuzzuka, zaizaya ta haƙa kwazazzabai inda dā babu.

A Fabrairun 2000 kumbon Amurka Endeavour ya yi kwana 11 yana auna tsayin doron ƙasa, kuma bayanan suna nan kyauta a intanet, kowane awo na wakiltar fili mai faɗin kusan mita 30. Sun isa a gane dutse da kwari. A fadama kuwa kuskurensu kan kai mitoci, alhali mita ɗaya tak ke raba gidan da zai tsira da wanda ambaliya za ta ci. Dole safiyo ya taka da ƙafarsa ya auna.

Gwaram ma tana matuƙar buƙatar irin wannan awo. Kogin Bunga da ke ratsa ƙasarta daga tsaunukan Jos yake gangarowa, saboda haka ruwan da ya sauka a Filato da Bauchi yana iya cika shi ko da ba a yi ko yayyafi a garin ba.