Almakashin Ƙwayoyin Sankara

Uwar gida a Gyallesu ta san cewa idan nama ya yi tauri, ganyen gwanda na tausasa shi. Dalili kuwa shi ne ganyen na ɗauke da inzayim, wato sinadari mai yanka furotin kamar almakashi. Jikin ɗan Adam ma yana da irin waɗannan almakasai, amma a kulle suke, sai buƙata ta taso, kamar wajen warkar da rauni. To, me ke faruwa idan aka buɗe su ba bisa ƙa'ida ba?

A shekarar 1911, Peyton Rous ya gano wani bairas mai haddasa sankara a jikin kaji, binciken da ya kai shi ga samun lambar Nobel a 1966. A 1973 kuma, Edward Reich da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka raini ƙwayoyin halittar kaza a faranti, bisa shimfiɗar fibirin, wato furotin ɗin da ke daskarar da jini. Lafiyayyun ƙwayoyi ba su yi wa shimfiɗar wata illa ba, amma waɗanda bairas ɗin ya sauya sai suka narkar da ita.

Abin mamaki, ba su da kansu suka yi yankan ba. Wani inzayim suke fitarwa, shi kuma ya tayar da filasminojin, almakashin da ke kwance cikin ruwan jinin da ake ciyar da su. Da aka gwada wani nau'in bairas ɗin wanda zafi ke kashe wa ƙarfi, an ga narkewar tana tsayawa a digiri 41, ta dawo a digiri 36. Wannan ya nuna bairas ne ke riƙe da mabuɗi.

Ta irin wannan hanya sankara ke keta ragar furotin da ta kewaye ta, ta bazu cikin jiki. Kusan duk sankarar bakin mahaifa, wadda likitoci ke fama da ita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, bairas ɗin HPV ne tushenta. Muddin ba ta keta ragar ba, magance ta na da sauƙi. Shi ya sa gwaji da wuri ke da muhimmanci, haka ma allurar HPV da Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a 2023. Rigakafi dai ya fi magani.