Bayan “Lafiya Lau”: Abin Da Zaman Bayan Sallah Ya Koya Mini

Mu bakwai ne muka gama sakandare tare a Kano, shekara talatin da ɗoriya ke nan, kuma tun daga lokacin muke riƙe da wata al’ada da ba mu yarda ta mutu ba. Ranar uku ga Babbar Sallah, bayan La’asar, kowa ya ajiye abin da yake yi ya nufi ƙofar gidan ɗayanmu a cikin birni. A shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, a fito da soyayyen nama da dambu daga cikin gida, a ɗora shayi, sannan a buɗe hira. Mai aiki a Abuja yakan zo, mai fatauci tsakanin Kano da Maraɗi ma yakan zo. Sauran kwanakin shekara kuwa zauren WhatsApp ne ke haɗa mu, inda ake jefo barka da Juma’a da hotunan ɗaurin aure, kowa ya amsa da “amin” ya wuce.

Bana mu biyar muka fara zama. Ɗaya ya aiko cewa aiki ya tsare shi, yana tafe. Ɗayan kuma, wanda tun muna makaranta muke kira Sarkin Tattabara saboda son da yake yi wa tsuntsayen, ba a gan shi ba, ba a kuma ji daga gare shi ba. Mai masaukinmu ya ce kwanakin baya sun gaisa ta waya, ya ce masa lafiya lau. Muka ce to ai yana hanya, muka ci gaba da hirarmu.

Kowa da irin hutunsa

Kamar kullum, da labarin hutu aka fara. Mutumin Abuja ya kwashi iyalinsa kafin Sallah sun yi kwana biyu a Yankari ta Jihar Bauchi. Ya ba mu labarin wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki, da yadda wani gwaggon biri ya fizge burodi daga hannun autarsa ya haye saman ɗaki yana ci yana kallon su. Alhaji mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya ce shi hutunsa bai wuce barci ba, domin rabon da ya kwanta da rana tun azumi. Malamin makarantar da ke cikinmu ya ce shekara biyu ke nan bai kai yaransa ƙauye sun gaida kakarsu ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin motar mutum shida zuwa da dawowa ya kusa cinye rabin albashinsa. Bana ma haɗa kuɗi suka yi su bakwai suka yanka sa guda. Aka yi dariyar biri, aka jajanta wa Malam, aka zagi tsadar rago, aka sake zuba shayi.

Ana cikin haka sai ga na shidanmu ya iso. Ma’aikacin jinya ne, amma mu “Likita” muke ce masa. Bai ko zauna ba ya ce: “Ashe ba ku da labari? Sarki yana kwance yau kwana goma sha biyu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye.”

Wurin ya yi tsit. Likita ya ce shi ma a ranar ya ji, daga bakin wani abokin aikinsa. Ashe shekara uku da suka wuce aka gaya wa Sarki yana da hawan jini. Ya sha magani wata biyu, ya ji jikinsa garau, ya dubi kuɗin maganin, sai ya ajiye. Matarsa ta rasu bara waccan, manyan ’ya’yansa kowa ya kama gabansa, saura ƙaramin da ke zaune tare da shi. A cikin shekara ukun nan mun zauna da shi a kan wannan tabarma sau uku, mun tambaye shi ya jiki, ya ce lafiya lau, mu kuma muka karɓa ba tare da mun ƙara ko kalma ɗaya ba.

Gaisuwar da ke rufe ƙofa

Bahaushe gwani ne wajen gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, ya sanyi, ya ƙoƙari. Sai a jera tambaya goma, amsar kuwa guda ce. Ko mutum a gadon asibiti yake, “da sauƙi” zai ce maka. Akwai kyakkyawar tarbiyya a cikin wannan: godiya ga Allah, da kunya, da ƙin ɗora wa wani nauyin damuwarka. Ba na cikin masu cewa a watsar da ita. Abin da ya dame ni a yammacin nan shi ne mun bar gaisuwar baƙo ta zama ita ce iyakar abin da ke tsakanin aminai. Magabata sun ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, amma ga mu, shekara talatin muna cin abinci a kwano ɗaya, kowa ya san kuɗin ragon ɗan’uwansa, babu wanda ya san awon jininsa.

Likita bai tsaya ga ba mu labari ba. Ya buɗe jakarsa ya fito da na’urar awon jini, ya ce babu mai tashi sai an auna shi. Alhaji ya ce shi ƙalau yake, ko ciwon kai ba ya yi. Likita ya ce: “Alhaji, ai abin da Sarki ya ce ke nan.” Ya sa kowa ya zauna shiru na minti biyar, sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. A cikinmu mu shida, uku sun haura 140 bisa 90, kuma ni ne na biyu a cikinsu.

Ya yi mana bayani cewa awo ɗaya ba ya yanke hukunci, balle ga wanda ya gama shan shayi mai kauri kuma ya ji mummunan labari. Sai an sake aunawa a wata rana daban an ga adadin bai sauka ba kafin a ce mutum yana da hawan jini. Na je asibiti bayan mako guda, aka sake aunawa, aka tabbatar. Yanzu haka ina shan ƙwaya guda kowace safiya, kuma na rubuta wannan ne don kada ni ma in koma cikin masu ɓoyewa.

Abin da ya sa wannan ciwo ke cin mutane shi ne ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum biliyan ɗaya ke ɗauke da shi, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Jinin da ke bugun bangon jijiyoyi da ƙarfi shekara da shekaru yana taurara su yana raunana su, har ranar da wata za ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, ko zuciya ta gaji, ko ƙoda ta lalace. Magani ba ya cire ciwon, yana danne shi ne kawai. Ranar da aka daina sha, ranar yake fara komowa.

Daga nan hira ta koma kan kwanon da ke gabanmu. Hukumar ta ba da shawarar kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen magi da yajin tsire da burodi. Ta kuma ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kamar tafiya da sauri ta rabin sa’a, kwana biyar. Muka dubi juna. Kakanninmu sun ci nama da man shanu, amma da ƙafa suke zuwa gona da kasuwa, kuma naman ba kullum ba ne. Mu kuwa daga kujerar ofis ko ta shago sai mota ko Adaidaita, ko masallacin unguwa wani sai ya hau babur. Ga lemon kwalba da ya maye gurbin kunun tsamiya da fura, ga shayin da ake zuba wa sukari har cokali ya nemi tsayawa. Babu wanda ya ce a daina cin naman layya. Abin da Likita ya roƙa shi ne a rage gishiri, a haɗa da ganye, zogale ko rama ko latas, kada kuma a mayar da soyayyen nama abin taunawa daga safe har dare na tsawon mako biyu.

To, wa ke ba tattabarun hatsi?

Malam ne ya yi tambayar da ba ta zo wa kowa a rai ba: “Yanzu wa ke kula da tattabarunsa?” Sarki na da sama da guda arba’in a bayan gidansa. Tun rasuwar matarsa su ne abokan hirarsa. Da asuba ya buɗe musu, ya watsa gero, ya canza ruwa, da yamma ya zauna yana ƙirga su suna sauka. Mun sha yi masa tsiya a kan haka, ba mu taɓa tunanin cewa mutumin da ke hira da tsuntsu wataƙila ya rasa mai sauraronsa ne ba. A watan Nuwamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kan kaɗaici, domin an gano yana da alaƙa da ciwon zuciya da shanyewar jiki da baƙin ciki mai tsanani. Da na ji labarin a lokacin na ɗauka matsalar Turawa ce. Ashe tana bayan katangar abokina.

Sai ga shi kowa na da dabbar da yake ɓoye son da yake mata. Alhaji ya ce akwai wata mage a shagonsa da ya kawo don ɓeraye, yanzu idan bai gan ta da safe ba hankalinsa ba ya kwanciya, har kifi yake saya mata. Mutumin Abuja yana da karen gadi, yaransa kuma sun shaƙu da shi. Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Mun taso mun ga iyayenmu mata da akuya da kaji, mun ga masu doki na kwana a barga idan dokin ba shi da lafiya, kuma tun muna allo aka koya mana cewa tausayin dabba ibada ne, zaluntarta kuma abin tambaya ne ranar gobe.

Likita ya tambaye su ko an yi wa magen da karen allurar rigakafi. Karen an yi masa sau ɗaya yana ɗan kwikwiyo, magen kuwa ba ta taɓa ganin likitan dabbobi ba. Ya ce ciwon haukan kare, da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi, kuma kusan duk masu kamuwa daga cizon kare suke samunsa, ko da yake mage ma tana iya ɗauka. Allurar ana maimaita ta ne a kai a kai, galibi shekara-shekara, kuma a nan gida ma ana sarrafa ta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos. Idan kare ya ciji yaro ko mage ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko jiran a ga abin da zai faru. Mai share ɗakin tattabaru kuma ya yayyafa ruwa tukuna, ya rufe hancinsa, domin ƙurar kashinsu da gashinsu na iya taɓa huhu idan an daɗe ana shaƙa.

Zumunta a ƙafa take

Bayan Magariba muka ɗunguma gidan Sarki, domin an riga an sallamo shi. Yana kwance a falo, bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa da ƙyar take fita. Ɗansa ya ce ranar da abin ya faru, da safe ya ga kofi ya suɓuce daga hannun mahaifinsa, harshensa ya sarƙe, amma suka ɗauka gajiya ce, sai da yamma aka kai shi asibiti. Likita ya girgiza kai. Waɗannan alamu uku, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe guda, da sarƙewar magana, ba a jira da su ko na sa’a ɗaya, domin a sa’o’in farko ne ake iya ceto ƙwaƙwalwa.

Da Sarki ya gan mu sai hawaye. Kalmar farko da muka iya ganewa daga bakinsa ita ce “tattabaru”. Alhaji ya durƙusa kusa da shi ya ce: “Sarki, kwantar da hankalinka, talakawanka na hannunmu.” Ya yi murmushi da rabin bakinsa.

A nan muka raba kwanaki. Mu huɗun da ke zaune a Kano, kowa na da safiyar da zai je ya buɗe wa tsuntsaye, ya watsa hatsi, sannan ya shiga ya zauna da mai gidan, ya tabbatar ya sha magani, ya taya shi motsa hannu kamar yadda masu gashin ƙashi suka nuna. Na nesa suka ɗauki nauyin kuɗin magani. Ni na zaɓi in riƙa zuwa da ƙafa, tafiyar minti ashirin da biyar, kuma kusan kullum ina cika mintunan da Likita ya ɗora mini ba tare da na ji nauyinsu ba. A wata biyun nan mun ga juna fiye da yadda muka gani a shekara goma. Sarki ya fara takawa da sanda har bakin ɗakin tsuntsayensa, kuma ya yi alƙawarin in Allah Ya kai mu baɗi tare za mu hau Dutsen Dala.

Mai karatu, na san kai ma kana da irin wannan majalisa, ke ma kina da ƙawayen da kuke haɗuwa a biki ko suna. Ɗalibai ma hutu na tafe, za ku haɗu da abokan da kuka daɗe ba ku gani ba. A yi labarin tafiya, a yi dariya, a tambayi mage da tattabaru. Amma idan aminin ya ce lafiya lau, a ɗan dakata, a sake tambaya: yaushe rabonka da awon jini, kana shan maganinka, wa ke zama tare da kai? Wanda aka tambaya kuma ya daure ya faɗi gaskiya. Awon jini ba ya cin minti biyar, kuma ana yin sa a ƙananan asibitoci da manyan shagunan magani. Wanda kuka ga ya yi shiru a zaure, kada a tura masa saƙo a jira amsa, a taka a je.

Allah Ya ba Sarki lafiya, da sauran marasa lafiyarmu na gida da na asibiti, Ya kuma maimaita mana.