Jan Hatimin Sinawa

 Duk wanda ya taɓa sayen gona a yankin Madawa, Buza da Keita ya san takarda ba ta da nauyi sai mai gari ya dangwala mata hatimi. To, Sinawa sun fi shekara 2,000 a kan wannan al'ada.

Da Sinanci ana ce wa hatimi yinzhang. Yinzhang: guntun dutse ne, sau da yawa bai wuce babban yatsa ba, a sassaƙa sunan mutum a gindinsa. Tawadar ja ce wur, kuma cikin mahaɗinta har da man zurma. E, zurmar nan dai da ke fitowa a bayan gida. Ana gauraya shi da garin wani jan ma'adini da zaren ganye, ya yi kauri kamar kwaɓin lalle, shi ya sa zanen da ya shekara ɗaruruwa har yau jan hatimin da ke kansa bai kwanta ba.

Hatimin sarki kuwa sunansa daban, xi. Qin Shi Huang, wanda ya haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa aka sassaƙa masa nasa da dutse mai daraja. Gidajen sarauta suka yi ta gadonsa, suka yi ta yaƙi a kansa, don wanda ya riƙe shi ake gani halattaccen sarki. Wajen ƙarni na 10 ya yi ɓatan dabo. Abin da ban mamaki, masu sauraro: zoben azurfar da Manzon Allah (SAW) ke hatimce wasiƙu da shi, shi ma ya faɗa rijiyar Aris zamanin Sayyidina Usman, aka kwana uku ana nema ba a gan shi ba.

Sai sarki Qianlong na ƙarni na 18, mai hatimi fiye da 1,000. Zanen da ya burge shi duk sai ya dangwala masa, wani har jan ya kusa rufe aikin mai zane. Gaskiya ya wuce gona da iri.

Lokaci na hararar mu. UNESCO ta sa wannan sassaƙa cikin gadon duniya a 2009, tambarin wasannin Olamfik na Beijing a 2008 ma siffar jan hatimi ce.