Me gwamnati ke shirya wa ƙirƙirarriyar basira, kuma ina ya shafe mu?



Kwanan baya na je gida Sangere, kusa da Jami'ar Modibbo Adama, na tarar da ɗan ƙanina da abokansa suna tambayar ChatGPT darasi a waya. Na yi sha'awa ƙwarai. Amma da daddare Inna ta kunna mini wani saƙon murya da aka turo mata, wai wani ɗan uwanmu ne a Legas ke neman kuɗin asibiti cikin gaggawa. Murya kamar tasa sak, amma da muka kira shi sai ga shi lafiya lau a kasuwa. Wannan ne ya sa na zauna na bi diddigin abin da gwamnati ke yi kan wannan fasaha.

Aikin gwamnati kashi biyu ne: bunƙasawa da sa ido.

A ɓangaren bunƙasawa an yi nisa. Tun 2020 hukumar NITDA ta buɗe cibiyar NCAIR a Abuja. A 2023 ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan 3 kan fasahar zamani, a watan Agustan 2024 kuma ma'aikatarsa ta fitar da daftarin tsarin ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira. A Satumban 2025 aka bayyana N-ATLAS, wata manhaja da aka koya wa Hausa, Yarbanci, Ibo da Turancin Najeriya. Amfaninta a gare mu shi ne wanda bai yi boko ba zai iya magana da na'ura da harshensa. Sai dai Fulatanci, wanda Inna da tsofaffin Yola da yawa suka fi sakewa da shi, ba ya cikin huɗun farko.

Ɓangaren sa ido kuwa, a nan gizo ke saƙar. Tsari dai ba doka ba ne. Taswira ce, ba ta ɗaure kowa. Tarayyar Turai ta yi dokarta ta musamman a 2024. Mu nan, garkuwar da ke hannun talaka ita ce Dokar Kare Bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba ka haƙƙin sanin abin da kamfani ke yi da bayananka, da haƙƙin ƙin yarda na'ura kaɗai ta yanke hukunci mai nauyi a kanka, misali ta hana ka rance, ba tare da mutum ya duba ba. Wanda ya yi sojan gona don damfara kuma, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 tana hawa kansa.

Me ya sa mu 'yan kudu ya kamata mu fi damuwa? Domin rayuwarmu a waya take. Cinikin shanu, kuɗin albasa, cefanen gida, duk da saƙon murya muke gamawa, mu da iyalai nisan kwana guda a mota ko fiye. Ranar da murya ta daina zama shaida, amanar da kasuwancinmu ya tsayu a kanta ce ta girgiza.

Shawarata uku ce. Kada a tura ko sisi kan saƙon murya sai an kira lambar da aka sani. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su riƙa tura matasa rajistar 3MTT. Sannan idan 'yan majalisarmu sun zo neman ƙuri'a, a tambaye su: ina dokar da za ta hukunta mai kwaikwayon muryar mutum, kuma yaushe Fulatanci zai shiga?

Ni da Inna dai mun yi alkawari: akwai wata kalma tsakaninmu, in ba ta ji ta ba, ba ni ba ne.