Alƙalamin da Ke Bayan Hoto: Aikin Marubucin Fim da Mai Shirya Shi

Duk wanda ya zauna kallon wasan kwaikwayo a Maiduguri, ko a gidajen GRA da itatuwan darbejiya suka yi wa rumfa, ko a majalisun Gwange da Hausari inda samari kan taru a kan waya guda, abin da idonsa ke riska shi ne fuskar ɗan wasa, kuma sunansa ne zai riƙe har ya yi musu a kansa washegari. Alhali kuwa akwai mutum biyu waɗanda in ba dominsu ba da ɗan wasan bai sami kalmar da zai furta ba, balle dandalin da zai tsaya ya furta ta, watau marubucin da ya tsara labarin, da mai shiryawa, wanda 'yan sana'ar ke kira furodusa, da ya ɗauki nauyin fitar da shi daga takarda zuwa idon jama'a.

Aikin marubucin fim ya sha bamban da na mai rubuta littafi, domin mai littafi yana da ikon kutsawa cikin zuciyar mutum ya bayyana abin da take ƙullawa, amma shi wannan an hana shi komai sai abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji. Idan yana son a san cewa uwargida tana cikin baƙin ciki, ba shi da damar ya ce tana baƙin ciki, sai dai ya sa ta ajiye kwanon tuwo gaban maigida ba tare da ta dube shi ba, mai kallo ya fahimci saura da kansa. Yakan fara da gundarin labari a taƙaice, sa'an nan ya yanka shi fitowa-fitowa, kowace da wurinta da lokacinta, dare ne ko rana, cikin ɗaki ne ko waje, kana ya sanya wa kowane mutum maganar da ta dace da shekarunsa da matsayinsa, ta yadda attajiri ba zai yi furucin almajiri ba. A bisa ƙiyasin masu sana'ar, shafi guda na irin wannan rubutu yakan ci kimanin minti guda a kan allo, saboda haka fim mai tsawon awa ɗaya da rabi yana bukatar shafi wajen 90.

Shi kuwa mai shiryawa, matsayinsa kamar na madugu ne a zamanin fatauci: shi ke tara guzuri, ya zaɓi abokan tafiya, ya san zangon da za a yada, kuma in ayari ya yi asara a kansa take faɗawa. Shi ke sayen labari, ya ɗauko darakta, ya daidaita da 'yan wasa da masu ɗaukar hoto, ya nemi aron gidan da za a yi aiki, ya ciyar da jama'a a lokeshan, ya kai fim gaban hukumar tace finafinai, irin wadda Jihar Kano ta kafa a 2001, daga bisani ya nemo hanyar da kuɗinsa za su dawo. Tsakaninsa da marubuci kullum akwai ja-in-ja, domin alƙalami ba ya biyan kuɗin mota in ya rubuta hawan daba da dawaki ɗari, amma aljihun furodusa yana biya.

Tarihin wannan sana'a a ƙasar Hausa ya tabbatar da cewa daga littafi ta tsiro. Fim ɗin Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarninsa a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa aka ciro shi. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, kuma ake lissafa shi farkon finafinan bidiyo na kasuwa, marigayi Aminu Hassan Yakasai ne ya rubuta shi, shi ma marubucin littattafai ne. Ado Ahmad Gidan Dabino ya buga In Da So Da Ƙauna a 1991, ya mayar da shi fim a 1994, ya haɗa rubutu da shiryawa a hannu guda; haka nan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, mai littafin Alhaki Kuykuyo Ne, ita ta rubuta kuma ta shirya Juyin Sarauta a 2017. Sai dai bayan Sangaya ya yi kasuwa a 1999, waƙa da rawa suka rinjayi labari, 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata suka zama masu faɗa a ji, har darajar marubuci ta yi ƙasa, ana biyansa sau ɗaya a sallame shi ko da fim ya shekara yana kawo riba.

Abin da ya dawo da martabar alƙalami shi ne shiri mai dogon zango. Da satar fasaha ta karya kasuwar faifai, tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta zo da Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in, sa'an nan Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka ja hankalin jama'a tun daga 2020. Shirin da za a kalla mako bayan mako ba ya tsayuwa da kyawun fuska kaɗai, lalle sai an sami mai riƙe zaren labari, wanda zai tuna abin da aka faɗa a kashi na uku domin kada a warware shi a kashi na talatin. Ta wannan ƙofa sunayen marubuta irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman suka fara shiga bakin masu kallo.

Maiduguri ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin a cikinta aka haifi Ali Nuhu a 1974, mahaifiyarsa kuwa 'yar Bama ce. Ya fara da fitowa a fim a 1999, ya kafa kamfanin FKD ya zama mai shiryawa da ba da umarni, har aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Janairun 2024. Garin yana da tashar NTA da ta BRTV, yana da jami'a tun 1975 mai sashen koyar da aikin jarida, kuma ƙungiyoyin agaji da suka cika GRA sakamakon fitinar da ta ɓarke a 2009 sukan nemi masu shirya musu gajerun finafinan wayar da kai. Wannan kasuwa ce ta halal wadda matasa da yawa suka koyi riƙe kyamara a cikinta, amma mai biyan kuɗi shi ke zaɓen abin da za a faɗa, kuma galibi ba ya wuce hoton sansanin 'yan gudun hijira da rabon abinci.

Borno kuwa ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Ƙasar da limami Ahmad Ibn Furtu ya rubuta tarihin yaƙoƙin Mai Idris Alooma tun a 1576, ƙasar Shehu Laminu da birninsa Kukawa, da zuwan Rabe da faɗuwarsa a 1900, da kafuwar Yerwa, watau Maiduguri, a 1907, har zuwa ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 da yadda maƙwabci ya ɗauki maƙwabcinsa, ba ta rasa ƙissoshin da za su ciyar da shiri zango goma ba. Abin da ya rage shi ne matashin da zai yi haƙurin zama gaban dattawa ya ji riwaya, ya tace ta kamar yadda malamai ke tace isnadi, ya rubuta ya goge har sau da dama kafin ya nemi kyamara. Sa'an nan a sami attajirin da zai yarda cewa kuɗin marubuci shi ne farkon abin da ake warewa a kasafin fim, kuma a rubuta yarjejeniya da shaidu tun kafin a ɗauki fitowa ta farko.